Na tara binciken hira da masu ciwon baya guda 14, yaya zan haɗa su?

'Yar Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri da ni, ban iya taƙaita magana ba.

Ni likitar fisiyo ce, wato masu jinyar gaɓoɓi da atisaye da gashi, shekara shida ke nan ina aiki a wani asibiti a cikin garin Kaduna, yanzu kuma na koma karatun digiri na biyu. Batun da na ɗauka shi ne ciwon baya mai naci, wanda ya haura wata uku bai tafi ba. So nake in tattaro binciken da aka yi ta hanyar zama da masu ciwon ana jin ta bakinsu, in haɗa abin da aka samo wuri guda, ko ma samu abin da zai amfane mu a ɗakin aiki.

Wata baiwar Allah ce daga Rigasa ta jefa ni cikin wannan. Tuyar awara take yi, ba za ta kai arba'in ba. Duk Talata take zuwa. In kunna mata fitilar gashi minti 15, in nuna mata atisayen nan na kwanciya rigingine a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, in ba ta takarda mai zane ta tafi da ita gida. In ta dawo in ce, "Hajiya, ana yi kuwa?" Sai ta ce, "Ana yi likita, da sauƙi." Takardar kuwa tana nan a ninke cikin jakarta fes, ko maiƙon awara bai taɓa ta ba. Wata biyu muna haka, har na rubuta a fayil ɗinta cewa ba ta ba da haɗin kai.

Rannan tana ƙarƙashin fitila aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai. Muka zauna zaman jira. Ba tambayarta na yi ba, hira ce ta jawo hira. Ta ce ɗakinta ɗaya ne, ita da yara biyar, tsakar gida kuwa ga abokiyar zamanta ga 'yan haya. A ina za ta baje ta ɗaga ƙafafu sama? Dama ana cewa ciwon ƙarya ne, sai ranar girkinta yake tashi. Da aka yi mata hoto aka ce ƙashi lafiya lau, maigidan ya ce, "To kin ji, likita ma ya ce ba komai." Duk wannan tana faɗa tana 'yar dariya. Sai da ta zo kan salla muryarta ta canja. A Islamiyya sai an jawo mata kujera, ita da wasu tsofaffi biyu a gefen sahu. Can ta ce, "Likita, ba za ki rubuta mini a takarda cewa ciwon gaske ne ba?"

Bayan ta tafi na buɗe fayil na karanta abin da na rubuta a kanta, kunya ta rufe ni.

To yanzu ina da maƙala 14 da na zaƙulo daga PubMed da AJOL, rumbunan maƙalolin bincike na intanet. Guda 11 daga Turai da Ostireliya, 3 kacal daga Afirka. Na buga su duka, na karanta har gefen takardun ya yi baƙi. Malamin da ke duba aikina ya ce in zana jadawali, in ƙirga maƙala nawa suka ambaci tsoro, nawa suka ambaci rashin kuɗi, in fitar da kashi cikin ɗari. Na gwada, abin ya fito kamar lissafin kantin magani, ba na ganin mutum ko ɗaya a ciki. Wani abokin aikina kuma ya ce ɓata lokaci nake, wai tatsuniya ce ba hujja ba, tunda ko a PEDro, rumbun binciken fisiyo na intanet, ba a saka irin wannan binciken.

Don Allah wanda ya taɓa yi, ƙirgawar nan ita ce hanya? Kuma maganar wata Baturiya a Manchista, da wace fuska zan haɗa ta da ta mai awara a Rigasa?

Malam na Samaru:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba da sa'a. Dabarun bincike nake koyarwa, kuma da wuya shekara ta wuce ɗalibi bai kawo mini wannan tambayar ba.

Ki fara da dalilin da ya sa jadawalin ya yi miki salam. Mutum goma ko ashirin da ake hira da su a irin wannan binciken ba a ɗebo su don su wakilci gari ba, an nemo su ne don suna da abin faɗa. In kika ce kashi kaza na maƙalolin sun ambaci tsoron motsi, abin da kika auna shi ne tambayar da masu binciken suka fi son yi. Sallar zaune wataƙila ba za ki same ta ko a guda cikin 14 ɗin ba. Sai ki ba ta sifiri ki ce ba ta da nauyi?

Wasu Amurkawa biyu masu binciken harkar ilimi, George Noblit da Dwight Hare, sun ci karo da wannan matsalar lokacin da ake ƙoƙarin haɗa binciken da aka yi a makarantun da aka gauraya ɗalibai baƙaƙe da farare. Suka ga tara sakamako kan sakamako yana kashe ma'anar kowane. A 1988 suka fitar da hanyar da ake kira meta-etinogirafi, mai matakai 7, amma zuciyarta aikin tafinta ne. Ki ɗauki ma'ana ɗaya daga maƙala ta farko, ki je wa ta biyu ki tambaye ta: ke da wane suna kika kira wannan abin? Wani lokaci za ki tarar abu ɗaya suke faɗa da baki daban-daban. Wani lokaci karo suke da juna, kuma kada ki ɓoye karon, can ilimi yake. Wani lokaci kuma kowace ta riƙo gefe guda ne, sai kin jera su labarin ya cika.

Abin da ɗalibai suka fi tuntuɓe a kai shi ne magana hawa uku ce. Akwai abin da majinyaci ya faɗa, akwai fassarar da mai binciken ya yi wa maganarsa, sannan akwai taki fassarar a kan fassarorinsu. Ki riƙe shi kamar isnadi. Duk ma'anar da kika fitar, ya zama za ki iya bin sarƙar a koma baya har bakin wanda ya yi maganar, da lambar shafi. In sarƙa ta tsinke, ra'ayinki ne kawai kika rubuta.

Game da Baturiyar Manchista, ki nemi aikin Francine Toye da abokan aikinta na Okasfod, na 2013. Sun haɗa maƙala 77 kan masu fama da ciwon tsoka da gaɓoɓi mai naci. Babban abin da suka fitar shi ne mai irin wannan ciwon kullum cikin gwagwarmaya yake: da jikinsa, da neman bayanin abin da ke damunsa, da asibiti, da kuma ƙoƙarin nuna wa mutane cewa ba ƙarya yake ba. Ki sake karanta roƙon da mai awara ta yi miki na takarda. Can likita da wurin aiki ake so su yarda, nan maigida da abokiyar zama. Kin ga tafintar ta fara aiki ke nan.

Tunda lokacin digiri na biyu gajere ne, ni da zan ba ki shawara sai in ce ki ɗauki hanyar James Thomas da Angela Harden ta 2008. Ana bin sakamakon kowace maƙala layi-layi ana sa wa kowace magana laƙabi, a tara laƙabobin su zama jigogi masu bayyana abin da aka ce, sannan a hau mataki na uku a ce to me wannan yake nufi ga tambayata. Akwai kuma ta cibiyar JBI da ke Adiled a Ostireliya, wadda ke tara sakamako rukuni-rukuni ta fitar da shawarwarin aiki. Ita ta fi kusa da abin da malaminki yake so, amma ko ita ba kashi cikin ɗari take fitarwa ba. Ki kai masa maƙalar 2008 ɗin cikin ladabi, ki ce kina neman ra'ayinsa a kai. Malamai mun fi karɓar gyara in ya zo da siffar tambaya.

Abokin aikinki kuwa gaskiya ya faɗa, PEDro ba ta ɗaukar wannan. An kafa ta ne a Sidni a 1999 don gwaje-gwajen magani da bitarsu da ƙa'idojin aiki. Amma don ba a sayar da tumatir a Panteka ba za a ce babu tumatir a Kaduna ba. Ki tuna masa cewa David Sackett, wanda kowa ke jingina maganar aiki da hujja gare shi, tun a rubutunsa na 1996 ya sa ƙwarewar likita da halin majinyaci da zaɓinsa a cikin lissafin.

Tsohon Fisiyo, Kakuri:

'Yata sannu da ƙoƙari. Ni na daɗe da ajiye aiki, jikana ne ya nuna mini yadda ake rubutu a nan, in na yi kuskure a yi mini afuwa.

Na yi aiki tun masaƙun Kakuri na juyawa dare da rana, lokacin da in an tashi ma'aikata kekuna ke toshe titi. Masu ciwon baya a cikinsu na gani ba adadi. Mai ɗaukar dilar auduga zai zo yana dafe da ƙugu, ka duba iya dubawarka ba ka ga abin nunawa ba. Shi kuma abin da ya fi so a hannunka takarda ce mai hatimi, don kada ogansa ya ce lalaci ne. Saboda haka abin da Turawan nan suka gano da maƙala 77, mu mun san shi tun kina goye. Da na karanta bayanin Malam sai da na yi dariya ni kaɗai.

Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ranar da na ajiye aiki, duk abin da na sani a kaina na taho da shi gida. Ko layi ɗaya ban rubuta ba. Yaran da suka gaje ni sai sun sake yin kurakuraina tun daga farko, kamar yadda kika yi da fayil ɗin nan. Ni ma na rubuta irinsa, fiye da sau ɗaya.

Inda zan ja kunnenki shi ne fitila. Na ji yaran yanzu suna raina gashi, wai atisaye ne magani. Ban musa ba. Amma mutumin nan in ya biya kuɗin mota ya zo asibiti ba a taɓa jikinsa ba, a wurinsa ba a yi masa komai ba. Gobe yana gaban wanzami ana kafa masa ƙaho, jibi yana wurin maɗori. Su suna taɓawa, suna saurare, kuma suna ba ciwon suna. Su ce sanyi ne, ko jijiya ce ta hau kan jijiya. Ko ba daidai ba ne, ya koma gida da abin faɗa wa iyalinsa. Ni minti 15 ɗin fitilar nan ban taɓa barin majinyaci shi kaɗai ba, kujera nake jawowa. Ke sai da aka ɗauke wuta kika zauna.

Tambayata ɗaya ce, kuma ba don in kashe miki gwiwa ba. In kin gama haɗa takardun nan an ba ki digiri, me zai canja ranar Talata?

Maman 'Yan Biyu, Kawo:

Ni ba likita ba ce, malamar firamare ce, ƙanwata ce ta turo mini wannan don ta san shekarata huɗu da ciwon baya. Anti likita, maganar "da sauƙi" nake so in taɓa. Mu haka aka tarbiyyantar da mu. In an ce ya jiki, ko kana jin kamar ana sara ka da gatari sai ka ce da sauƙi, don kada ya zama kana kai ƙarar Ubangiji. Balle likitar da ta wahala a kanka, ai da kunya ka ce mata aikinta bai yi ba. In kina sanye da farar riga da biro a hannu, buhu guda na "da sauƙi" za ki tara. Su waɗanda suka rubuta takardun da kike karantawa, wa ya yi wa mutanen tambaya, kuma a ina? In a asibiti ne ni dai ban yarda an faɗa musu rabin gaskiya ba.

Sannan don Allah ku daina cewa "hoto bai nuna komai ba." Ranar da aka faɗa mini haka a gaban mijina, a keke har gida ba wanda ya ce uffan.

Malam na Samaru:

Hajiya ta Kawo, Allah ya ba ki lafiya. Ba ki sani ba kin yi tambayar da ke cikin ma'aunin CASP, mai tambayoyi 10 da ake tantance ingancin irin wannan binciken da shi. Ɗaya daga ciki ita ce ko an yi la'akari da alaƙar mai bincike da waɗanda ya yi hira da su. Malama, ki bi maƙalolinki 14 da wannan idon. Ki ƙara da na harshe: hirar da aka yi da wani yare aka juya ta zuwa Turanci ta riga ta bi ta hannun tafinta ɗaya kafin ta iso gare ki. Ki ɗauki kalmar haƙuri. In aka fassara ta da kalmar da ke nufin miƙa wuya, mai karatu a waje zai ɗauka majinyacin ya sare ne, alhali wataƙila ƙarfin halinsa yake faɗa.

Matsalar 11 da 3 kuwa akwai ma'auninta, sunansa CERQual, an fitar da shi a 2015. Kowane sakamako da kika fitar za ki auna shi ta fuska huɗu: raunin hanyar da aka bi, daidaituwar bayanan, wadatarsu, da kusancinsu da mutanen da kike tambaya a kansu. Daga nan ki ce amincewarki da shi babba ce, matsakaiciya, ƙarama ko ƙarama ƙwarai. In jigo daga Turai kaɗai ya fito, ki rage masa daraja ki faɗi dalili, ba abin kunya ba ne. Ki duba ko kina da binciken Chinonso Igwesi-Chidobe na 2017 kan masu ciwon baya a karkarar jihar Inugu. Ya fi Manchista kusa da mu, amma ƙauyen Inugu ba Rigasa ba ne, shi ma sai kin auna.

Kuma kada fayil ɗin nan ya hana ki barci. A 2015 Aoife Synnott da abokan aikinta sun haɗa bincike 12 da aka yi a kan likitocin fisiyo su kansu. Sun tarar wasu na yi wa masu ciwon baya kallon masu naci ko marasa himma, da yawa kuma sun ce ba a horar da su kan ɓangaren tunani da zamantakewar majinyaci ba. Haɗa binciken yana haska mu ma.

'Yar Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana biyu ne don ina gwadawa.

Ba ni da manhajar da ake wannan aikin da ita, sai na sa almakashi. Na yanka sakamakon kowace maƙala ƙyalle-ƙyalle, na rubuta lambar maƙala da shafi a bayan kowane, saboda isnadin Malam, na baje su a kan tabarma. Ina tsakiyar tarawa aka kawo wuta, fanka ta tashi, sai ga Suwidin a ƙarƙashin gado, Ostireliya a bakin ƙofa. Lambobin bayan nan ne suka cece ni. Yanzu da duwatsun dara nake danne su.

Tuli ɗaya ya haɗu da kansa, na sa masa suna "ciwon da ba shi da shaida." Ɗaya kuma ya ƙi. Maƙalolin Turai cike suke da mutanen da suka bar aiki suka zauna a gida suna tsoron motsi. Na juya shi ta kowace fuska bai shiga jikin matan da nake gani ba. Mai awara in ba ta sunkuya gaban kasko ba, ba a ɗora tukunya a ɗakinta. Ba tsoron motsi ke damunta ba, hutun ne babu. Da farko na so in tura shi cikin wani tulin don aikin ya yi kyau, sai na tuna an ce kada a ɓoye karo. Na bar shi gefe shi kaɗai.

Baba, ga amsar Talata, iya abin da na samu zuwa yanzu. Na bar cewa hoto bai nuna komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon baya ba a iya danganta shi da wata cuta takamaimai, don haka yanzu cewa nake hoto ya nuna ba karaya, irin wannan ciwon kuma hoton ƙashi ba ya kama shi, kuma mafi yawan masu ciwon baya a duniya haka nasu yake. Hajiya ta Kawo, ki faɗa mini in wannan ya fi. Mai awara na canja mata atisaye zuwa na tsaye, ta dafa ƙugu ta ɗan lanƙwasa baya, wanda za ta yi a gaban kasko kowa ya ɗauka miƙa take. Na ce ta bar kujerar tsuguno ta samu mai ɗan tsayi. Na shimfiɗa darduma a ɗakin atisaye muna gwada sauka zuwa sujada a hankali tana dafe da kujera. Ta kai gwiwa ƙasa, goshi bai kai ba tukuna. Takardar ma na rubuta mata, da Hausa, na buga hatimi. Ban tambaye ta ko ta nuna a gida ba. Rubutun fayil ba a gogewa, sai na sa kwanan wata a ƙasansa na ƙara bayani.

Malamina ya yarda da hanyar 2008 ɗin, da sharaɗin jadawalinsa ya shiga rataye a ƙarshe. Na ce to.

Baba, wata alfarma. In na samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike, zan iya zuwa Kakuri da na'urar ɗaukar murya? Ba zan sa farar riga ba.

Tsohon Fisiyo, Kakuri:

Ki zo ranar Asabar bayan la'asar, jikana zai turo miki kwatance. Akwai wasu abokaina biyu tsofaffin ma'aikatan masaƙa, har yau da ƙugu suke tashi, zan kira su. Ki taho da batir ɗinki, wutarmu ba ta da alƙawari.